Kattin Malam Arzika a Filin Langa

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun da aka ba da jiha, in bai san Malam Arzika da bulo ba, to ya san shi da langa. Ɗan guntun mutum ne siriri, wanda in ya sa babbar riga sai ka rantse rigar ce ta fito yawo ita kaɗai. Murya kuwa Allah ya ba shi ta mutum uku. In ya daka wa lebura tsawa a gidan bulonsa, har masu dabino a bakin titi sai sun waiwaya.

A wani ƙauye na ƙasar Miga aka haife shi, gidan maƙera. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma da aka miƙa masa guduma aka ga gudumar ce ke juya shi, sai aka mayar da shi kan zuga-zugi. Abin da ya iya tun yana yaro shi ne langa. Ga wanda bai taso a inda ake yinta ba, langa wasa ne na ƙafa ɗaya. Kowa zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu, sai ya fita. Ana kasuwa gida biyu, kowane gida da mutum ɗaya da ake kira ruwa, sauran kuwa dawaki. Aikin ruwa ya ratsa abokan gaba ya kai wurin sha, ko bishiya ce ko turke, aikin dawakinsa su buɗa masa hanya, dawakin can kuma su kayar da shi kafin ya kai.

Saboda rashin nauyinsa, kullum Arzika ne ruwan ƙauyensu, kuma ya sha ba sau ɗaya ba. Har wata kaka suka kara da 'yan wani ƙauye, ya zille wa biyu, ya hango turke gab da shi, sai wani ƙato ya ɓullo ta gefe ya sa masa kafaɗa. Bai farka ko'ina ba sai cikin tarin ƙaiƙayin gero. Ya yi kwanaki yana susa, 'yan mata na dariya. Tun daga ranar ya yanke hukuncin da ya riƙe har tsufa, cewa wayo a langa ƙarya ne, ƙarfi ne gaskiya.

Da ya yi aure ya sauko Dutse da jakuna biyu yana jidar yashi. Garin a lokacin bai wuce a zagaye shi kafin shayi ya huce ba. Sai ga jiha ta zo. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da katifu a kan motoci, babu ɗakin da za su sa haƙarƙari, kowa ya tashi gini. Arzika ya sayar da jakunan, ya sayi ƙarfen buga bulo, ya kama wani fili a gindin dutse. Kafin a ankara yana da leburori, kuma ko wajen ɗaukar lebura ba ya duban komai sai faɗin kafaɗa. Babban cikinsu shi ne Ɗan'inna, wani baƙin ƙato mai sanyin hali, wanda ke saɓa buhun siminti kamar ya ɗauki matashin kai, amma in kaza ta taso masa sai ya kauce mata.

Cikin ma'aikatan da suka zo har da Modibbo, malamin dabbobi, Bafulatani dogo mai magana a hankali, wanda ya kama haya katanga ɗaya da Arzika. Da ma tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa, saboda haka tun ranar farko ba su raga wa juna ba. Modibbo ya kan leƙo da safe ya ce, "Ina bawana? A zo a gaida ubangida." Arzika ya ce, "Ɗan Fillo, in ba don mu ba ko wuƙar yanka tuwo ba ka da ita."

Wata shekara bayan an gama kaka, samarin unguwanni suka shirya gasar langa, mutum shida-shida, har wani ɗan kasuwa ya sa kofi. Arzika na jin labari ya tara leburorinsa ya zaɓi shida mafi girma. Da la'asar sakaliya ya jera su a gaban gidan bulo suna tsalle, ƙasa na amsawa. Modibbo ya dawo daga aiki ya jingine babur ya tsaya kallo.

"Maƙeri, wa zai yi maka ruwa a cikin waɗannan?"

"Kowanne. Duk wanda na sa, wa zai iya kayar da shi?"

"Ba kayarwa nake ji ba, isa nake ji. Kafin wannan ya kai turke ai an kira magariba." Modibbo ya gyara hula. "Ka ji ni, garken da duk bijimai ne ba a shan nononsa. Ka sa manya biyu, ka nemo 'yan sirara masu ƙafa."

"Masu ƙafa irinka? Iska ta kwashe min su?" Arzika ya buga ƙirjin Ɗan'inna, wanda sai da ya yi ɗage kafin hannunsa ya kai. "Wannan ɗaya ya fi irinka goma."

Abin haushi ga Modibbo, shekarar Arzika ne ya yi gaskiya. Filin da aka yi gasar wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin katangar makarantar firamare da gindin dutse. Kattin suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka toshe shi kamar an ja ginin bulo. Ruwan abokan gaba ya zo ya duba dama, ya duba hagu, bai ga ko kafar ɓera ba, ya yi ta tsalle a wuri ɗaya har ƙafarsa ta gaji ya sake ta don kansa. In kuwa su ne da sha, sai su sa ruwansu a tsakiya su tafi a dunƙule, a hankali, duk wanda ya tare su ya ji a jikinsa. 'Yan bakin tasha suka faɗi, 'yan kasuwa suka faɗi, mahauta da ake jin tsoro su ma suka faɗi. Aka ɗauko Arzika a wuya har ƙofar gida, kofi a hannu, makaɗi na biye yana yi masa kirari. Ya sa aka tsaya daidai ƙofar Modibbo, aka ƙara wa ganga wuta.

Wadda ta san ainihin tsadar kofin nan ita ce Lauratu, matar Arzika. Don kuwa ƙato ba ya tsalle da yunwa. Tunda aka fara shiri Arzika ya ce abincin 'yan wasansa a gidansa yake, safe da rana, kada wani ya ja masa su da tuwo. Tukunyar da a da take kai su kwana biyu ta koma ba ta kai azahar. Hatsin da ya noma a gida Miga, wanda aka saba ci har damina, ya ƙare tun kafin a shiga bazara. Akuyar Lauratu ɗaya ta bi, wai don a yi wa Ɗan'inna romo ranar da ya gurɗe.

Ran nan ta ajiye masa kofin a gabansa a kan tabarma, ta ɗora ludayi a kai.

"Mene ne haka?"

"Abincin rana ne, Malam. Na duba rumbu, shi kaɗai ya rage."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ƙarshe suka daidaita a kan sharaɗinta: wanda zai ci, zai yi daka. Haka aka wayi gari katti shida na layi a bayan gidan Arzika, inda ba mai gani, suna kirɓa gero a turmi. Ɗan'inna ya fasa turmi ɗaya a makon farko, ya zo yana ba da haƙuri kamar zai yi kuka. Lauratu ta ce tunda take ba ta taɓa samun gari mai laushi irin na lokacin ba, kuma daga nan ta daina ƙorafi da ƙarfi, ta koma yi a hankali.

Shekara biyu suna riƙe da kofin. Suna ya kai har ƙauyuka, sai ga goron gayyata daga Buji, wai samarin can na son su gwada. Arzika ya ɗauki hayar akori-kura, ya gayyaci Modibbo musamman don ya je ya ga yadda ake yi.

Da suka isa ya ga 'yan wasan Buji sai da ya tausaya musu. Yara ne 'yan sirara kamar karan dawa, ruwansu wani mai suna Muntaka, wanda bai fi Arzika kauri ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne filin. Gona ce da aka girbe, shimfiɗeɗiya, mai yashi, ba katanga ba dutse, ka hangi ƙarshenta da ƙyar.

Aka busa usur. Kattin suka jeru yadda suka saba, sai dai yau jerin nasu bai toshe komai ba, kamar a kafa ƙofa a tsakiyar daji. 'Yan Buji suka watse. Ba wanda ya yarda ya haɗa kafaɗa da kowa. Wannan ya zo ya taɓa Ɗan'inna ta baya ya zille, ya juya zai bi shi, wani ya taɓo shi ta can. Yashi na cin ƙafar katti, gumi na zuba. Muntaka kuwa ya yi wani dogon zagaye ta bakin gona, kamar mai zuwa kiran wani, ya je ya dafa turke. Fili ya ɗauka, "Ya sha!"

Arzika na ihu, "Ku taru! Ku taru, don Allah!" Suka taru, aka zagaye su. Ya ce su bi su, suka bi su, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa su ba. Da layin shansu ya zo, tafiyar da a Dutse taku kaɗan ce, a nan ta zama tafiyar Makka. Ruwansu ya kai rabi ya tsaya, ya dubi Arzika, ya ce, "Maigida, a gafarce ni," ya ajiye ƙafa.

A hanyar dawowa ba mai magana a cikin mota sai Modibbo, wanda ya riƙa tambayar direba ko motar ta ji sauƙi, tunda an bar girman kai a Buji. Da suka hango duwatsun gari Arzika ya gyara zama. Sannan ya ce, "Na gano inda matsalar take."

"Alhamdu lillahi," in ji Modibbo.

"Ba su isa girma ba."

Bayan sati ya hau mota zuwa Garki, inda aka ba shi labarin wani ɗan kokawa mai suna Albarka, wanda aka ce tunda ya fara ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Ya yi ta lallashi, ya yi alkawarin ɗaki da abinci da sabuwar riga, ya zo da shi. Ranar da Albarka ya shigo gidan sai da ya sunkuya ya kuma karkata kafin ƙofa ta karɓe shi. Lauratu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa," ta shiga ɗaki ta zauna ta yi salati.

Sai a wurin gwaji aka gano Albarka bai taɓa langa ba, kuma hannunsa ba ya kaiwa ga ƙafarsa ta baya saboda kaurin cinya. Aka yi wata guda ana fama, Ɗan'inna na tallafe shi, har ya iya kama babban yatsa. Da 'yan Buji suka zo ramuwar ziyara, Arzika ya sa shi a gaba. Wani yaro ya zo ya taɓa shi ya zille, ya sake zuwa ya taɓa shi. A na uku jinin kokawa ya motsa. Albarka ya saki ƙafa, ya cafke yaron da hannu biyu, ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗe shi a ƙasa a hankali kamar mai kwantar da jariri, sannan ya ɗaga hannu yana jiran guɗa. Guɗar kuwa ya same ta, don fili gaba ɗaya ya kwashe da dariya har da alƙalin wasa, wanda sai da ya share hawaye kafin ya kore shi. Washegari Albarka ya karɓi rigarsa ya koma Garki, yana cewa wasan da ba a kama mutum ba wasa ba ne.

Duk da haka a ranar kattin ne suka ci, saboda a tsukin filinsu aka yi. Wannan ya ba Arzika bakin magana, ya kuma harzuƙa Modibbo har ya kafa tasa ƙungiyar. Ya tattaro samarin rugagen da yake zuwa yi wa shanu allura, yaran da suka saba bin garke tun asuba, ya haɗa da masinjoji biyu na ofishinsu. Daga nan unguwa ta samu abin kallo. In aka yi a filin makaranta, Arzika ya ci. In aka yi a filin idi, Modibbo ya ci. Saboda haka rigimar ta tashi daga kan 'yan wasa ta koma kan fili, har ta kai kafin kowace karawa sai an yi zaman sulhu a zauren mai unguwa a kan inda za a yi. Mai unguwa, dattijo mai haƙuri, ya ce shi tunda aka naɗa shi ya raba gado, ya raba faɗan iyakar gona, bai taɓa ganin shari'ar da ta ƙi ƙarewa irin wannan ba.

Sai aka shirya babbar gasa ta ƙananan hukumomi, aka ce Dutse ta kawo ƙungiya ɗaya. Masu shiryawa suka rasa wanda za su ba, suka ba su biyun tare. Arzika ya ce shida nasa, Modibbo ya kawo masu riƙe ruwan sha. Modibbo ya ce shida nasa, kattin su zo su yi inuwa. Mai unguwa ya gaji ya ce uku-uku, wanda bai yarda ba ya kai ƙara gaba.

Abin mamaki, haɗin ya yi kyau. Katti uku su tsaya a tsakiya su ja hankalin abokan gaba, sirara biyu su riƙa tsokana ta gefe, ruwa ya laɓe a bayan Ɗan'inna har sai hanya ta buɗe, sannan ya fice kamar an harba kibiya. In ana tsaro kuma, sirara su koro ruwan can zuwa inda katti ke jira. Suka cinye wasanninsu har zuwa na ƙarshe, inda suka sake haɗuwa da Muntaka da 'yan Buji.

A nan ne masu gidan suka ɓata. Wasa ya yi zafi, kowane gida ya sha daidai da ɗan'uwansa, saura zagaye ɗaya. Muntaka ya taso. Arzika daga wannan gefe ya kwarara ihu, "A taru!" Modibbo daga wancan gefe, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "A watse!" Sirara, da yake muryar Arzika ta fi ƙarfi, suka taru. Katti, da yake sun ga malamin gwamnati ya yi magana, suka watse. Muntaka ya bi ta tsakiya a miƙe, ko zagaye bai yi ba.

Kwana uku maƙwabtan ba su yi wa juna wasa ba, gaisuwa kawai, abin da ya tayar wa matansu hankali fiye da a ce faɗa suka yi. A rana ta huɗu Ɗan'inna ya zo ya durƙusa a gabansu bayan sallar la'asar, ya daɗe yana murza hula.

"Maigida, Malam, yara ne suka aiko ni. Sun ce baɗi in Allah ya kai mu, a taimaka a zauna wuri ɗaya. Kuma a taimaka a yi shiru."

Modibbo ne ya fara dariya.

Da shekara ta zagayo aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya a ƙarƙashin wata maina nesa da fili, aka ba kowa rake don bakinsa ya samu aiki. Ɗan'inna ya ja ragama daga cikin fili, ba ihu, sai ɗaga gira da kaɗa kai. Suka ɗauko kofin. Arzika ya ce ai kowa ya gani, katti uku ne suka yi aikin, da shida ne da tun kafin la'asar an gama. Modibbo ya ce ai kowa ya gani, wanda ya dafa turke bai kai nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Kofin ya riƙa kwana wata ɗaya a wannan gida, wata ɗaya a wancan.

Da shari'ar Musulunci ta zo, wasanni da yawa suka shiga taitayinsu, Arzika ya tsorata kada langa ta bi. Ya sa babbar riga ya je wurin malamin da ke shugabantar kwamitin unguwa, ya shirya hujjoji tun daga gida. Malamin ya saurare shi, ya ce shi ma ya yi langa yana yaro, kuma bai ga laifin motsa jiki ba. Sharaɗi uku kawai: a bar ganga, a kori masu caca a gefen fili, a kuma rufe gwiwa, a tashi in an kira salla. Arzika ya ce ai wannan huɗu ne. Malamin ya ce to huɗu.

Korar masu caca ta yi masa daɗi, don da ma sun sha zuwa suna raɗa wa yaransa maganar banza. Ganga ya yi kewarta, ko da yake ya ce muryarsa ta isa. Wando ne ya zama aiki. Telan da aka kai wa ɗinki ya auna Ɗan'inna ya ce yadin da aka kawo na ƙafa ɗaya ne. Da aka ɗinka kuma, ranar wasan farko, ƙato na farko ya kama ƙafa ya yi tsalle, sai aka ji ƙyat, wando ya rabu biyu. Na biyu ma haka. Aka dakatar da wasa aka aika gida a karɓo zannuwa. Daga baya Lauratu ta ba tela shawara ya yi musu irin buje mai faɗin hantsa, aka zauna lafiya. Sirara kuwa ko a jikinsu, abin da Modibbo bai bari ya wuce ba a faɗa.

Ba shari'a ce ta rage langa a Dutse ba. Babura ne suka yi yawa, samari suka gano acaɓa ta fi buga bulo sauƙi, ga gidajen kallon ƙwallo sun buɗe a kowane lungu. Kattin farko suka yi aure, suka yi tumbi na gaske, wasu suka koma ƙauye. Samun ƙato mai yarda ya yi tsalle da ƙafa ɗaya saboda tuwo da kofi ya zama wuya. Modibbo aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Garki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Arzika kuma jiri ya fara ɗibarsa, aka auna aka ce hawan jini ne, likita ya hana shi gishiri da ihu. Gishirin ya bari.

Lauratu da 'ya'yansa suka matsa, ya haƙura ya miƙa ƙungiyar ga Ɗan'inna, wanda a lokacin shi ke kula da gidan bulon ma. Ya yi masa dogon wa'azi a kan faɗin kafaɗa da kaurin wuya, Ɗan'inna na cewa to.

Bayan kaka aka ce masa sababbin 'yan wasa na gwaji, ya ɗauki sanda ya taka zuwa fili. Ya tarar da yara shida, biyu masu ɗan jiki, huɗu kuwa in suka juya gefe sai ka neme su. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya kira Ɗan'inna gefe.

"Ina 'yan wasan?"

"Su ne waɗannan, Maigida."

"Kai da na ɗauko ka, na ciyar da kai, na nuna wa duniya kai? Kai ne za ka yi min aikin Fulani?"

Ɗan'inna ya sunkuyar da kai. "Maigida, ni na yi tsallen nan. Kai kana gefe. Wallahi tun shekarar Buji gwiwata ba ta sake zama tawa ba, in zan yi sujada sai na yi shawara da ita. Ƙato na da amfani, amma biyu sun isa, su ma a riƙa hutar da su."

"Me ya hana ka faɗa tun tuni?"

"Tuwon Inna Lauratu akwai daɗi."

Arzika ya juya ya tafi gida. Ya gaya wa Lauratu an ci amanarsa, shi da langa har abada, ko sunanta kada a sake ambata masa. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar Asabar yaran Ɗan'inna na da wasa da 'yan Miga. Tun azahar Arzika ke kai da kawo a tsakar gida, ya gyara murfin randa, ya kori kaji, ya tambayi ko an ga carbinsa alhali yana hannunsa. Da aka idar da la'asar sai ga sallamar Modibbo daga waje, ya iso daga Garki ko gida bai shiga ba.

"Bawana, fito ka riƙe min tabarma, an kusa farawa."

"Ba ni zuwa."

"To shi ke nan. An ce 'yan Miga sun zo da wani ƙato, wai ɗan gidan maƙera ne, ba a taɓa ganin irinsa ba."

Can Arzika ya leƙo, hula a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ɗan gidan wa?"

Lauratu ta miƙo masa ɗaya takalmin da ƙwayar maganinsa, ta ce in ya dawo murya a dishe kada ya neme ta da ruwan zafi. Ya hau bayan babur ɗin Modibbo, suka nufi fili. Ranar, in ji waɗanda suka je, 'yan Miga ya goya wa baya tun daga farko har ƙarshe, kuma an ji shi har bakin titi.